Na Tsaya Ina Kallon Ɗana a Cikin Wuta

Salama a gare ku, 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu. Ku yi mini haƙuri, ban taɓa faɗin wannan magana a gaban jama'a ba.

Kun san ni, Kande mai tuwo, wadda ke sayar wa leburorin hanyar jirgin ƙasa abinci nan Gusau. Kun san bakina, ba a taka ni in yi shiru. Abin da ba ku sani ba shi ne na taɓa haihuwar ɗa namiji, sunansa Jatau.

A ƙauyenmu can bayan Tsafe, daddawa ce sana'ata, Jatau ne mai hau mini ɗorawa. Wata rana reshe ya karye da shi, ya faɗo kansa ya bugi dutse. Ya kwanta kwana uku ya miƙe, muka ce ya warke. Kafin a yanke gero sai ya fara faɗuwa. Yana cikin magana sai ya sandare, idanu su juye, jiki ya ɗauki karkarwa, kumfa na fita ta baki.

Boka ya ce iskar da ke kan itaciyar ce ya taka. Muka yanka baƙar akuya, aka yi turare, aka yi masa tsaga a goshi. Babu abin da ya ragu sai awakinmu. Mutane suka ce farfaɗiya ce, kuma duk wanda kumfar ta taɓa ya ɗauka. Aka ware masa akushi da moɗa. Ni da na haife shi, ajiye masa tuwo nake yi in ja da baya. Ya taɓa ce mini, "Inna, ko hannu ba za ki ba ni ba?" Na ce ya ci abincinsa ya bar surutu.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Na ɗora babbar tukunyar kalwa, wuta na ci sosai, ina goye da ƙanwarsa Ladi, jaririya. Jatau ya kawo mini itace, ya sunkuya zai iza wutar, sai ciwon ya kama shi. Ya kifa cikin murhu.

Na zabura, uwar mijina ta cafke mini zane. "Kande, kina da goyo. So kike ki kashe biyu?"

Na tsaya. 'Yan'uwa, na tsaya! Taku uku ne tsakanina da shi. Tsakar gida cike da mutane, babu wanda ya miƙa hannu, sai da wani ya ɗauko taɓarya ya turo shi waje. Kwana biyar ya yi yana jin jiki. Da hankalinsa ya rasu, kuma bai taɓa ce mini don me ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Zaman gidan ya gagare ni. Na ɗauki Ladi na koma wurin danginmu a Bungudu, da aka fara aikin jirgi na taho nan. Ban ƙara dafa kalwa ba.

Bara da damina zazzaɓi ya kama Ladi, tana da shekara huɗu. Da rana tsaka ina kwasar tuwo, ta faɗi gefen rumfa tana jijjiga. Leburori suka watse da kwanoninsu. Ni kuwa, Allah Ya gafarta mini, baya na ja. Na ce shi ke nan, tun tana goye ta ɗauka.

Sai ga Malam Bulus, ga shi can zaune, mai ba ma'aikatan jirgi magani. Ya durƙusa, ya kwantar da ita ta gefe, ya share kumfar da tafin hannunsa.

Na ce, "Malam, kada ka taɓa, ana ɗauka."

Ya ce, "Wa ya gaya miki? A kawo ruwa da tsumma, jikinta ya yi zafi ƙwarai. Kada wanda ya cusa mata cokali a baki."

Ni kuwa ban matso ba. Ya ɗago ya dube ni. "Uwar yarinya, zo ki riƙe kanta, mu roƙi Yesu tare."

Ban san Yesu ba a lokacin. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "In kana ji, ka sake mini hannuwan nan." Sai na gan ni durƙushe, kan Ladi a cinyata, kumfarta na jiƙa mini zane. Ba a jima ba jikinta ya saki, ta yi ɗan barci, ta farka ta ce ruwa take so.

Malam ya yi ta jera mini tambayoyi. Ta taɓa yin haka babu zazzaɓi? Ta taɓa buguwa a kai? Na ce a'a. Ya ce nata zafin zazzaɓi ne, ƙananan yara kan yi, kuma yawanci sukan bari in sun tasa. Ya ba ta kwini, maganin zazzaɓi, ya ce in jikinta ya yi zafi in riƙa shafa mata ruwa.

A nan na ba shi labarin Jatau. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ciwon a ƙwaƙwalwa yake, da alama buguwar nan ce ta bar rauni a ciki. Ba iska ba ce, ba a ɗauka ta kumfa, ba a ɗauka ta akushi. Ya ce akwai ruwan magani mai ɗanɗanon gishiri da ake sha kullum, ba kowa yake rabawa da ciwon ba, amma yana rage faɗuwar.

Na ce, "Malam, wato da na ciro shi, babu abin da zai same ni, ko Ladi?"

Na ga bai so ya amsa ba, amma bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, "Babu, Kande."

Kukan da na yi ranar ya fi na ranar da aka binne Jatau.

Ina gode wa Yesu da ya bar mini Ladi, ya kuma cire mini tsoron da ya ɗaure mini hannu. Na san ya yafe mini, ko da yake ni har yanzu koyon yafe wa kaina nake yi. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. In kuka ga wani ya faɗi, ku janye shi daga wuta da ruwa, ku kwantar da shi ta gefe, ku kai shi wurin magani. Kada ku tsaya kallo. Ni na tsaya, kuma na binne ɗana.

Ubangiji Ya riƙe mu. Amin.