Saura Dannawa Ɗaya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba mu aro kuma ya karɓi abinsa. Assalamu alaikum.

Malamanmu da suka buɗe wannan zama da addu'a, ina gaishe ku da girmamawa. Shugaban ma'aikatar da marigayi ya yi wa aiki, sannu da zuwa, kai da abokan aikinsa da suka cika layin baya da tabarau kamar an yi rabonsa kyauta. Shugabar ƙungiyarmu ta mata masu ɗinki, da duk matan ƙungiya, sannunmu da rashi. Mahaifinsa, wanda ni na haifa, mahaifiyarsa, matarsa da ke zaune can kai a sunkuye, 'yan'uwa da maƙwabta: Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

An ce in yi magana a madadin dangi da ƙungiya. Na ce ku nemi mai ilimi, ni a aji huɗu na tsaya, keken ɗinki ne ya ƙarasa mini karatu. Suka ce ai ke ce matarsa ta fari. To, wannan kam gaskiya ne. Tun ranar da aka miƙo mini shi cikin tsumma nake ce masa Angona, shi kuma da ya yi baki ya sa mini Tsohuwa Mai Ran Ƙarfe. Shekara talatin da ɗaya muna wannan tsiya. A tsarin da muka sani, jika ne ke tsayawa ya yi magana a kan kakarsa. Yau an sa mana rigar a baibai, kuma ba mai ikon juya ta.

Ya kasance yaro mai hannun ɓarna. Yana ɗan shekara bakwai ya kwance mini keken ɗinki, ya jera ƙusoshin a faranti, wai yana so ya ga inda zaren ke kwana. Na bi shi da muciya har bakin titi. Da na gaji na zauna, sai ya dawo ya mayar da komai wurinsa, saura ƙusa guda. Keken nan har yau yana aiki, ƙusar kuma tana cikin gwangwanin maɓallaina. Ban taɓa gano inda ta fito ba.

Ya kasance ba ya iya ganin mutum cikin wahala ya wuce. Mu mata talatin da huɗu ne a ƙungiya. Muna ɗinka zanen gado, da labule, da kayan jarirai. Shi ya yi mana manhaja a waya, inda mai saye zai ga hoton kaya daga duk inda yake. Mutane suka yi ta kallo suna yabawa, amma in an zo biya sai cinikin ya watse, don babu hanyar biya a ciki. Sai dai a ce tura ta banki ka aiko da hoton rasit. Wata 'yar'uwarmu, tana nan zaune ba zan nuna ta ba, ta aika da labule shida a kan rasit na bogi. Ranar da ta zo tana kuka a falona, Angona yana bakin ƙofa yana ɗaure takalmi. Washegari ya zo da kwamfutarsa ya ajiye a kan teburin da nake yanka yadi, ya ce, "Tsohuwa, matsa da almakashinki. Za mu sa wa manhajar nan aljihu."

Na ce, "Kai ne za ka gina banki a cikin waya? Kai da ba ka iya ɗinke maɓallin rigarka ba?"

Ya ce ba shi zai gina ba. Akwai abin da suke kira laburare. Na ce wanda ake aron littafi? Ya ce kusan haka ne, sai dai wannan aiki ne da wasu masana suka riga suka rubuta, na karɓar kuɗi ta kati, suka ajiye don kowa ya ɗauka ya haɗa da nasa. Da ya ga na yi masa kallon rashin fahimta, sai ya ɗauki zif daga cikin kwandona. Ya ce, "Ke kike ƙera wannan?" Na ce a'a, sayowa nake. Ya ce, "To, ni ma sayowa na yi, sai dai ni kyauta aka ba ni. Aikina in ɗinka shi a jikin rigar." Na ce, "To ka ɗinka da kyau. Zif ɗin da aka ɗinka da gaggawa a tsakiyar kasuwa yake buɗewa." Ya yi dariya har tabarau ya zame masa. Daga baya na ji yana faɗa wa abokan aikinsa wannan maganar kamar tasa ce. Ɓarawon zance. Na yafe masa.

Ku da ba ku sani ba, abin nan hawa biyu ne. Akwai na gwaji, inda kuɗin na wasa ne, katin ma na wasa. Akwai na gaske, wanda sai an sa masa wata lambar sirri kafin ya fara karɓar kuɗin mutane. Angona ya naɗa ni sarauniyar gwaji. Ya ba ni katin wasa ya ce in saya duk abin da raina ke so. Jama'a, na yi arziki a watan nan! Na saye zannuwan gadon ƙungiya kaf, na sake saye su. Da hantsi zai leƙo ya ce, "Hajiyar attajirai, yau me za a saya?"

A nan ne yatsana ya tona asiri. Kun ga babban yatsan nan? Rawa yake yi tun shekara goma da suka wuce. In na zo danna koren wurin da aka rubuta a biya, sai ya danna sau biyu. Angona ya duba kwamfutarsa, ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Tsohuwa, zanen gado ɗaya kika saya, amma an cire miki kuɗin biyu." Na ce ai na wasa ne. Ya ce, "Naki na wasa ne. Na matar da za ta saya wa jaririnta riga ba na wasa ba ne. Kuma ba ke kaɗai ke da yatsa mai rawa a duniya ba."

Su masu ilimin sun gwada abin sau ɗari bai ɓaci ba, don yatsunsu lafiyayyu ne, sau ɗaya suke dannawa su ɗauke hannu. Sai da aka kawo tsohuwa.

Ya kasance mai taurin kai a inda ya dace. Ya koma ya karanta bayanin laburaren nan shafi bayan shafi. Ya gano cewa ana iya ba kowane ciniki alamarsa, yadda in an danna na biyu, abin zai gane cewa wannan ai ya riga ya wuce. Ya sa alamar. Na danna, lafiya lau. Na sake, lafiya lau. Rana ta uku sabis ya ɗauke ana tsakiyar biya, ya dawo, yatsana ya yi halinsa, aka sake cire biyu. A wannan karon laifin ba a ɗinkinsa yake ba, a jikin zif ɗin yake. Haƙori guda ne ya karkace tun daga wurin masu shi.

Ranka ya daɗe shugaban ma'aikata, ka yi mini afuwa, zan faɗa. Kai ka ba shi izinin yi mana aikin nan a cikin lokacinku, ba mu manta ba. Amma kai ma ka ce masa ya buɗe haka nan, sau nawa sabis zai ɗauke daidai lokacin da tsohuwa ke dannawa? Mu ma mun matsa masa. Ni da bakina na ce, "Ango, ko sai na mutu za a buɗe?" Ya ce, "Ke? Ai ke za ki binne mu duka." Muka yi dariya. Wayyo, muka yi dariya.

Bai buɗe ba. Ya ce ba zai sa lambar gaske ba sai ranar da yatsan kakarsa ya kasa ɓata abin. Ya gyara haƙorin da kansa, ya aika wa masu laburaren gyaran, mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba, don kada wata tsohuwar a wata ƙasa ta biya sau biyu. Ranar Talata ya tsaya a ƙofar ɗakina yana murza goshi, ya ce kansa na ciwo, amma aiki ya kammala. "Ranar Asabar ki yi kwalliya, ki zo ki danna na ƙarshe. In ya tsaya, mu buɗe." Ranar Asabar muna kan bencin asibiti. Kwana tara ya yi. Na riƙe hannunsa, nawa na rawa, nasa ya daina motsi.

Bayan rasuwarsa da mako biyu, abokin aikinsa da muke kira Mai Gemu ya zo gaishe ni. Ya ce saƙo ya zo daga masu laburaren. Ya karanta mini, ya fassara. Sun ce sun duba gyaran, sun karɓa, sun gode, kuma suna tambaya ko lafiya suka ji shi shiru. Mai Gemu, ƙaton mutum, ya kasa ƙarasa karatun. Yanzu haka akwai mutane a wurare da ba mu san sunansu ba, suna saye suna biya sau ɗaya saboda jikana. Mu kuwa da aka fara abin dominmu, har yau muna kan kuɗin wasa.

Ke matarsa, ɗago ki dube ni, 'yar nan. Kin sha zama da abinci yana hucewa, shi yana kan kwamfuta yana cewa saura layi ɗaya ya rubuta. Ba ki taɓa kawo mini ƙara ba, sai dai ki ce, "Kaka, mijinki fa ya fi son teburinki." Kin yi haƙuri da shi yana raye, Allah ya ba ki haƙurin da ya fi wancan yanzu. Ɗakina naki ne. Ke mahaifiyarsa, ba ni da kalmar da zan ba ki. Na san nauyin ɗa a baya, ban san nauyinsa a ƙasa ba. Allah ya sanyaya miki.

Saura kai, babansa.

Jama'a ba su sani ba, amma yau za su sani. Tun ranar da kuka dawo daga maƙabarta ka ɗauki kwamfutar yaron nan ka kulle a kabad ɗinka. Ka ce ita ta shanye shi, ita ta cinye masa ido da kai, ba mai sake buɗe ta a gidanka. Gyaran yana ciki. Lambar gaske tana ciki. Mai Gemu ya zo sau uku, ka ba shi ruwa ka raka shi ƙofa. Matar yaron ta san yadda ake buɗe ta, amma tana jin nauyinka. Matan ƙungiya ba su ce komai ba, don wa zai yi wa mai makoki maganar labule? Ni ce kaɗai ba ta jin tsoronka, don na san ka tun ba ka da wando.

Ban ce ba ka da gaskiyar jin zafi ba. Na gan ka jiya da rana ka buɗe kabad ɗin, ka ɗora tafinka a kan kwamfutar, ka daɗe a tsaye. Ba ƙin ta kake ba, ɗana. Ita ce abu na ƙarshe da yatsunsa suka taɓa, kana tsoron a goge. Amma likita ya faɗa maka, malamai sun faɗa maka, yanzu uwarka na faɗa maka: ba kwamfuta ta kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Abin da ke cikin akwatin nan ba ciwonsa ba ne, alherinsa ne. Ka kulle masa ladan da zai riƙa bin sa.

Kana laluba aljihu ko? Kada ka wahala. Da safe kana wanka na zare makullin daga rigarka. Ga shi a bakin zanena. Yatsa mai rawa ne, amma bai manta hanya ba.

Da na so, da tuni na buɗe. Ban buɗe ba, don ɗanka ne kafin ya zama angona. Ga shi na ajiye a kan teburin nan. In ka mayar aljihu, ba zan sake tayar da maganar ba har in bi shi. Sai dai ka tuna shekaruna tamanin da biyu, kuma yaron nan ya ce ba za a buɗe ba sai na danna. Ran ƙarfe ma yana tsatsa.

Taso mana. Kowa ya san kana kuka, ba sai ka ɓoye ba.

Yauwa. A'a, ba ni za ka miƙa wa makullin ba. Ga Mai Gemu can a layin baya.

Allah ya yi maka albarka.

Mun gode wa malamai, mun gode wa shugaban ma'aikata da mutanensa, mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo ya zauna da mu. Mai Gemu, ka rubuta wa mutanen nan amsa. Ka ce musu ba raini ne ya sa ya yi shiru ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa, ka haskaka shi. Ya tsaya tsayin daka don kada a karɓi na kowa sau biyu. Kai kuwa, ya Mai yalwa, ka ninka masa nasa ba adadi. Ka ba matarsa da iyayensa juriya. Mu da muka rage, ka kyautata namu ƙarshen. Ni kuma ka ara mini zuwa Asabar. Zan yi kwalliyar da ya ce, in zauna a teburin yankan yadi, in danna sau biyu kamar yadda na saba.

Amin.