Sikelin Irimiya

A ɗakin jira na filin jirgin Minna, Irimiya mai auna kaya ya nuna wa wani baƙo mai babbar riga sikeli.

"Yallaɓai, bismillah, hau."

"In hau? Ni buhun masara ne?"

"Jirginmu na Legas ƙarami ne. Sai mun san nauyin kowa kafin mu raba kujeru."

"Wurin da ake auna mutum ai mahauta ce, ba kamfani ba. A Abuja wa ya isa ya ce mini haka?"

Irimiya ya dafa sikelin, ransa a ɓace. "Shekara goma sha ɗaya da suka wuce jirgi ɗaya gare mu, shi ma na haya. Wannan sikelin ni na sayo shi a Kasuwar Kure, wurin masu hatsi. Ana ta yi mana dariya, wai ba za mu kai damina ba. Yau jiragenmu biyar, muna sauka Ilori, muna sauka Jos."

"To sai me? Kai ka taɓa shiga ko ɗaya?"

"Ban taɓa ba. Amma duk wanda na auna, da ƙafarsa ya koma gida. In ba ka hawa, ga tasha can, motar Legas tana lodi."

Baƙon ya leƙa ɗan jirgin ta taga, ya tattare rigarsa ya hau.

"Baba, duba da kyau. Kada ka rage mini ko kilo ɗaya."