Haruffan Katako na Marigayi Malam Ɗahiru

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, Alhaji Muhammad Sani, iyayenmu malamai, shugabannin ƙungiyar masu madaba'a da masu rubutun alluna na Gusau da Tsafe da Bungudu, iyaye mata da ke zaune ta can gefe, 'yan uwa abokan sana'a, Musulminmu da Kiristanmu, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa. Ni ne Kamilu, mai rubutun allon talla daga Bungudu. Na gode da kuka ba ni dama, ko da yake kun san ni da tambayar tsiya, har ana cewa ko tuwo aka ajiye mini sai na tambayi gonar da dawar ta fito.

Maganata a kan haruffan nan ce da muke buga kanun labarai da fosta da su: dogaye, masu kauri, matsattsu, kowane da faffaɗar ƙafa kamar an aza shi bisa bulo. Tun da aka ba mu jiha muke rubuta su dare da rana, amma wa ya taɓa tsayawa ya tambayi dalilin siffarsu?

Abin da ya tayar mini da tambayar shi ne akwatin marigayi Malam Ɗahiru Yelwa, mai madaba'a a Tudun Wada, Allah ya jiƙansa. Ya bar irin waɗannan haruffa na katako, kowane ya kai tafin hannu, suna hannun iyalinsa, Inna Delu, ga ta can zaune. Ɗakin da suke yana yoyo, gara ta fara shiga, ga damina a bakin ƙofa. Ta rantse mini cewa in ruwan fari ya sauka ba a ɗauke su ba, a murhu za ta sa su, don ba za ta zauna tana kallon gara na cin aikin mijinta ba. Wanda ya san Inna Delu ya san ba ta rantsuwar wasa.

Na ari kaɗan na je na yi ta juya su. Tambaya ta farko, don me aka matse su? Wannan mai sauƙi ce: allo gajere ne, sunan Bahaushe kuwa dogo, balle a haɗa da Alhaji da sunan gari. Ta biyu, don me kaurin? Domin mai karantawa ba a zaune yake ba, yana bayan akori-kura ne ko bisa keke. Ta uku ita ta hana ni sukuni: ƙafar nan fa, ta mece ce?

Sai na nufi shagon ɗan uwanmu Samuel mai kwamfuta a nan Gusau. Yadda muka saba, in suna ya ƙi shiga allo, sai mu ce masa ya matse, shi ko ya kama haruffan ya matse. Muka buga suna ɗaya iri biyu, na kwamfuta da na katako, muka kafa su bakin titin Tsafe ranar kasuwa, muka tsallaka muna tambayar masu wucewa. Jama'a, abin mamaki! Wanda muka matse, tsayayyun layukansa sun sirance, na kwance kuwa suna nan da kaurinsu, daga nesa sai ka ce shingen kara. Na katakon kuwa ba matse shi aka yi ba, haka aka zana shi tun asali, aka raba kaurin daidai, ƙafar kuma tana nuna wa ido inda kowane harafi ya tsaya. Wani manomi daga 'Yankuzo ya karanta shi bai ko sauko daga kekensa ba. Samuel ya riƙe baki, ya ce shi ma yana so a buga masa su duka ya yi nazari.

To, ga roƙona. Muna bukatar busasshen ɗaki, muna bukatar mai injin hannu da zai riƙa sa musu tawada, kuma muna bukatar amsa kafin mu tashi daga wannan zaure.

Na tambayi Inna Delu abin da za mu ba ta. Kun san al'adarmu, mai madaba'a ba ya buga sunansa da manyan haruffa, sai dai ɗan ƙanƙane can ƙasan takarda. Ta dube ni ta ce: "Mi zan yi da kuɗinku, Kamilu? Mutumin nan ya buga sunan kowa a garin ga, ban taɓa ganin nasa ba. Ku buga shi sau ɗaya. Ni ban iya karatun boko ba, sai ku karanta mini."

Wallahi maganar ta taɓa ni. Jiya na buga, ga shi na ɗaga. Ina roƙon na sahun baya, su da suka fi kowa nisa, su karanta mata da ƙarfi.

Inna, kin ji. Daga can ƙarshen zaure suka gan shi.

Allah ya gafarta wa Malam Ɗahiru, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sa albarka a hannuwanmu da idanunmu, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Shugaba, ina jiran mai busasshen ɗaki ya ɗaga hannu.

Na gode.