Abin da ya kamata mai zuwa gwanjon ƙofar gida ya sani

Mai girma shugabar taro, Uwargida Noreen Pascoe. Mai girma kansilan mazaɓarmu. 'Yan kwana-kwananmu na sa kai, waɗanda ƙanshin gashin namansu ke shigo mana ta taga. Maƙwabta maza da mata, masu saye da masu sayarwa, ina yi muku barka da yamma.

Ina godiya ga kwamiti da ya ce in yi magana kafin gwanjon gobe Asabar, ranar da gidaje za su baza tsofaffin kayansu a bakin gareji. Na san ba don ilimi aka zaɓe ni ba, sai don babu garejin da ban leƙa ba daga nan har Ballarat.

Na farko, sammako. Da sanyin safiya ake kama fara, amma sammako daban, tashin mutane daga barci daban. Wanda ya rubuta ƙarfe takwas a allonsa, takwas yake nufi. In ka tarar da shi da rigar barci, ba zai yi maka ragi ba.

Na biyu, riƙe canji, ka kuma riƙe fuskarka. Abin da ranka ke so kada ka fara taɓa shi. Duba tukunya, duba littafi, sannan ka tambayi kuɗinsa kamar wanda ya tuna a kan hanyar fita. Ka taya da ladabi. In an ce albarka, ka yi godiya ka wuce. Da azahar, mai kaya ya gaji, rana ta dake shi, ba ya son mayar da komai ciki. A lokacin ake samun araha.

Na uku, duk abin da ke aiki da lantarki a jona shi a gabanka. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na huɗu, ka tabbata mai sallama maka kaya shi ne mai su. A nan zan ɗan tsaya.

Shekarun baya, a layin bayan makaranta, Maureen Doyle da mijinta Trevor sun baza kaya. Maureen ta shiga ɗora shayi. Maƙwabciyarsu Lyndal ta hango keken ɗinki a can cikin gareji, ba ya cikin kayan sayarwa. Ta ce, "Trevor, wancan tsohon ƙarfen fa?" Ya ce, "Ke dai ɗauke shi, kullum sai ya buge min ƙafa." Ta taya, ya sallama, ta kai mota.

Keken na mahaifiyar Maureen ne, wadda ta rasu a farkon shekarar. Da shi ta ɗinka wa Maureen rigar aure.

Da Maureen ta fito ta ji abin da ya faru, ta tsallaka titi da butar shayi a hannu. Ta ce, "Lyndal, kin san keken wa kika ɗauka?" Lyndal ta ce, "Na san wanda ya sayar min. Je ki tambayi mijinki." Maureen ta ce, "Shi wannan ko kansa zai sayar in an taya." Lyndal ta ce, "To, ciniki ya faɗa, 'yar uwa."

Gaskiyar ciniki tana wajen Lyndal, babu mai musu. Amma daga ranar suka daina gaisawa. 'Ya'yansu suka daina zuwa wasan ƙwallo a mota ɗaya. Lyndal kuwa ba ta taɓa yin ɗinki da keken ba, domin ƙararsa za ta kai gidan Maureen. Ta lulluɓe shi a rumfar bayan gida. Ranar da ta tashi komawa birnin Adelaide, ta ajiye shi a barandar Maureen, ba sallama, ba ban kwana.

Bara Maureen ta fito da keken da hannunta, ta sayar wa wata ɗaliba mai koyon ɗinki. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "In na dube shi yanzu, ba uwata nake gani ba, Lyndal nake gani."

Saboda haka gobe, kafin ka miƙa kuɗi, ka ce a kira matar gida.

Allah ya ba mu rana mai sauƙin zafi. Allah ya sa masu sayarwa su rufe gareji babu kaya, masu saye su koma gida babu nadama. Allah ya bar zumunci tsakanin maƙwabta, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.