Kumburin Da Na Ɗauka Ƙiba Ce

Salama a gare ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Baba Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata, ina gaishe ku. Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Ladi, matar Bitrus kafinta, muna zaune a Badariya. Waɗanda suka san ni kuwa Ladi mai kifi suke ce mini, kuma ko ba a faɗa ba hancinku zai gaya muku, don ƙaurin banda ba ya barin zanena ko sau nawa na wanke shi.

Shaida na zo bayarwa a kan ɗiyata Rahila, amma sai na fara da neman gafara. Wannan ba shi ne karo na farko da na tsaya a nan saboda yarinyar nan ba. Wasunku suna nan ranar da na ɗaga ta sama ina gode wa Allah da ya ba ni ɗiya mai ƙiba. Kuka yi tafi, kuka yi guɗa. 'Yan'uwa, ba ƙiba ba ce. Yarinyar tana kan hanyar kabari a lokacin, ni uwarta ina rawa da ita.

Rahila tana da shekara ɗaya da 'yan watanni na gane ina da wani cikin. Kun san yadda mata suke yi da wadda ta yi kunika, a yi miki dariya a bayan ido, a kawo miki shawara a gaban ido. Kowacce ta ce nonon mai ciki ya lalace, guba ne ga yaro. Ban tambayi kowa a asibiti ba. Rana ɗaya na shafa maɗaci a nono, ta kama ta saki, ta yi kukanta na kwana uku, shi ke nan an yaye ta.

Me na ba ta a madadinsa? Koko. Da safe koko, da rana koko, da yamma ɗan tuwo a zuba romo a kai. Kokon ma tsararo, ba gyaɗa ba mai.

Kuma fa gidan kifi ne. Sau biyu a mako nakan shiga a-kori-kura in tafi Argungu in saro kifi wurin matan masunta, in dawo in banda shi. Tarwaɗa, karfasa, wani lokaci har ragon ruwa. Amma yaro ba ya cin kifi a gidanmu. Haka aka rene ni a ƙauyenmu can wajen Zuru: yaron da ya saba da nama zai yi kwaɗayi, wanda aka ba ƙwai zai tashi ɓarawo. Tsoka ta maigida ce, kai na matar gida, romo na yara. Kajina suna yin ƙwai a bayan ɗaki, ina kwashewa ina kaiwa kasuwa. Masu magana suka ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. To ni ɗiyata na kwantar a kan damin.

Sai ta fara cika. Kumatu suka fito, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul, na ce madalla. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, na ce ta ɗauko kakarta. Ta daina wasa, inda na ajiye ta nan zan dawo in ishe ta, na ce Allah ya ba ni ɗiya mai haƙuri. Kun dai san bakina. Har gori na yi wa wata 'yar'uwa a kan ɗanta siriri ne, na ce ko ba ta ba shi abinci. Tana nan zaune, ba zan kira suna ba, ta riga ta yafe mini.

A Argungu akwai wata tsohuwa Musulma, Inna Hajo, wadda na daɗe ina sayen kifi a wurinta. Duk mai sana'ar kifi ta san yadda ake gane ɗanye da wanda ya kwana. Danna shi za ki yi da babban yatsa. In naman ya taso, lafiyayye ne. In ramin ya zauna, ki bar musu kayansu. Ni kuwa gwana ce a nan, ba a taɓa sayar mini da ruɓaɓɓe ba, kuma ina alfahari da haka.

Ran nan ina tsugune ina danne-dannena, ina kushe kifin don ta rage mini, Rahila tana goye a bayana. Na lura Inna ba ta mayar mini da magana kamar yadda ta saba. Idonta yana kan ƙafafun yarinyar da ke lilo a gefena.

Ta ce, "Ke Ladi, kwance goyon ga ki miƙo min ɗiyag ga."

Na kwance da sauri, a zatona yabo za ta yi. Ta ɗora ta a cinya, ta sa babban yatsa a bayan ƙafarta, ta danna, ta ɗan jira, ta ɗaga. Ramin ya zauna. Ta danna ɗayar ƙafar, shi ma ya zauna. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"In kihi na kid danna yay yi hakanga, kina saye nai?"



Ta ce, "Wagga ba ƙiba ba ta, ruwa na. Ɗiyana biyu nib bizne da wagga cuta tun ba ki san Argungu ba. Aje kwandon ga ki kai ta asibiti yau. Kihi ba ya ƙarewa ga gulbi."

Ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Ubangiji ba, haushi na fara ji. Na ce a raina tsohuwar nan ta yi wa ɗiyata baki. Amma da na shiga mota, sai na ɗora Rahila a cinya na danna da kaina. Tun daga Argungu har Birnin Kebbi ina dannawa, ina sake wuri, ina fata ko ɗaya ya taso. Babu wanda ya taso. Ni da nake danna kifin mutane kullum, ban taɓa danna ƙafar ɗiyata ba.

A asibiti muka sami wata ma'aikaciyar jinya da ake ce wa Sista, babbar mace marar yawan magana. Ta duba Rahila ta ce tamowa ce, ciwon rashin abinci mai gina jiki. Ta tambayi sana'ata. Da na ce kifi nake sayarwa, sai ta ajiye alƙalami ta tsaya tana kallona, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce yarinyar tana tsakanin rai da mutuwa, in ba ta karɓi abinci ba cikin 'yan kwanaki sai a tura mu Sakkwato wurin manyan likitoci, in ma ta kai. Aka ba mu gado. Aka haɗa wata madara, aka ce in riƙa ba ta da cokali kaɗan-kaɗan, ba a jimawa a sake. Rahila kuwa sai ta kau da kai, ko ƙarfin kuka ba ta da shi.

Da ƙyar ta fara haɗiya. Sai kuma abin da ya fi tayar mini da hankali ya zo. Kumburin ya saɓe. Kumatun suka tafi, ƙafafun suka zama kamar sillen kara, haƙarƙari ya fito fili, fata ta saki kamar rigar aro. Na tashi na tayar da rigima a gaban marasa lafiya, na ce na kawo yarinya da jikinta sun tsotse mini ita.

Sista ta bari na gama, sannan ta ce, "Maman Rahila, abin da ya tafi ruwa ne. Wannan da kike gani ita ce ɗiyarki ta gaskiya, haka take tun tuni. Daga nan za mu fara gini."

Ban ji ba. Wata mai zuwa dubiya ta riga ta ba ni labarin wani mai magani a wani ƙauye bayan Zauro, wai jiƙo ɗaya yake bayarwa yaro ya miƙe. Da rana tsaka, da na ga Sista ta fita, na ɗaure ƙunshina, na goya Rahila, na kama hanyar ƙofa.

A gindin wata bishiyar dogon yaro kusa da ƙofar na tsaya cik. Ban ji nauyin komai a bayana ba. Sai da na kai hannu na shafa don in tabbatar tana nan. Tana nan, numfashinta yana taɓa wuyana a hankali. Na durƙusa a nan cikin ƙasa, mutane suna wucewa, ban damu ba.

Na ce, "Ya Yesu, kai ne mai ƙaunar yara. Ka ba ni abinci har na sayar wa mutane, na hana wadda ka ba ni amana. Ka aiko mini da tsohuwa na ji haushi, ka aiko mini da Sista na zage ta. Yanzu ga ni zan gudu da ita in ƙarasa ta. Ka gafarta mini. Ka karya mini wannan taurin kan, ka bar mini ɗiyata."

Ban ji murya daga sama ba, ban ga wahayi ba. Abin da na ji shi ne girman kaina ya sauka, kuka ya zo, bayansa wata salama ta shiga zuciyata wadda ban san irinta ba tun da muka zo. Na tashi na juya. Na ishe Sista a bakin gadonmu. Ta dubi ƙunshin, ta dube ni, ta miƙo mini kofi da cokali. Rahila ta buɗe baki da kanta ta karɓa. Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

Daga ranar ci ya fara dawowa. Aka ƙara mata kunu mai kauri da gyaɗa a ciki. Sai ranar da Sista ta kawo dafaffen ƙwai ta ce in marmasa mata. Baban Rahila yana nan ya zo dubiya da ƙurar katako a kansa. Ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya, wai ko na manta abin da ƙwai yake mai da yaro.

Na ce, "Baban Rahila, a ba ni ɓarauniya mai rai, na san yadda zan yi da ita."

Da ya dawo washegari, ƙwai ne cike da hularsa. Ga shi can yana sunkuyar da kai, Allah ya yi masa albarka.

Bayan 'yan kwanaki ina ba ta kunu, cokalin ya suɓuce ya faɗi ƙasa ya yi ƙara. Sai na ji wani ɗan sauti. Na duba, Rahila ce take dariya, da 'yan haƙoranta a waje. Na yi lissafi a raina, rabon da in ga dariyarta tun kafin yaye, kuma ban ma lura ta ɓace ba. Na ɗauke ta na zagaya ɗakin ina waƙar yabo da cikina a gaba. Sista ta ce yaron da ya yi dariya ya juyo daga hanya, mu fara shirin gida. Ba a kai mu Sakkwato ba.

Kafin a sallame mu ta zaunar da ni ta koya mini, ni da nake ganin na fi kowa sanin tukunya. 'Yan ƙananan kifin nan da nake zubar wa kaji, su ta ce in busar in daka har da ƙayarsu, in tankaɗe, in riƙa zuba cokali guda a kunu. In babu kifi ga wake, ga gyaɗa, ga ƙwai, a ɗiga manja ko man gyaɗa, a sa zogale a miya. Ta ce a ba yaro kwanonsa shi kaɗai, don in an haɗa shi da manya kafin ya kai loma ɗaya sun share. Cikinsa ƙarami ne, a ba shi sau da yawa, da hannu wankakke da ruwa tafasasshe. Ta kuma ce ciki ba ya lalata nono, da na ci gaba da ba ta ina ci ina ƙoshi da ba mu zo nan ba. Wannan maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ce.

Da Rahila ta yi ƙarfi na kai ta Argungu ta gaida Inna Hajo. Tsohuwar ta danna ƙafarta, naman ya taso, ta yi hamdala, ni na yi Haleluya, muka rungume juna a tsakiyar masu kifi. Allah yana aiken wanda ya ga dama. Ƙanen Rahila, Dauda, kuma ga shi a bayana, yana shan nononsa, ba mai shafa masa maɗaci.

Iyaye mata, in kun koma gida yau ku duba 'ya'yanku da kyau. Yaron da ya daina wasa, gashinsa ya sake launi, jikinsa ya cika alhali ba ya ci, kada ku ce haƙuri ne ko ƙiba. Ku danna bayan ƙafarsa, in ramin ya zauna ku nufi asibiti a ranar. Iyaye maza, tsokar da ke cikin kwanonku ku fara miƙa wa ƙarami, ku kun riga kun gama girma. Ku yi addu'a, ku dogara ga Yesu, kuma in ya amsa ta bakin tsohuwa ko ta bakin ma'aikaciyar asibiti, kada ku yi irin taurin kaina.

Na gode wa Uba, na gode wa Ɗa, na gode wa Ruhu Mai Tsarki. Na so in kira Rahila ta zo nan gaba ku gan ta da idonku, amma tun da aka fara waƙar farko ta zame daga hannun babanta. Wannan ihun da kuke ji a waje, wanda ya hana Baba Fasto sakewa tun ɗazu, nata ne. Ku yi mini haƙuri, ba zan tsawata mata ba. Na taɓa samun ta shiru.

Ubangiji ya raya mana 'ya'yanmu duka, cikin sunan Yesu. Amin.