Wayar da Lawwali Ya Cire

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, Malam Yari mahaifin marigayiya Ummu, 'yan uwana makanikai, jama'ar Illela, Tozai da Garu, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da anka ba ni dama, alhali akwai waɗanda ba su son ganin fuskata, kuma ban ga laifinsu ba.

Sunana Maharazu, mai gyaran dainamo. An taru yau don a yanke ko za a sauke fankokin iska masu ba da lantarki goma sha huɗu da na kafa. Ku yanke abin da kunka ga dama, ba zan yi musu ba. Maganar Lawwali ta kawo ni.

Na farko, ni na haɗa fankar gidansa a Tozai. Ni na tsinto mataccen injin wajen 'yan gwangwan, ni na sake naɗa wayarsa, ni na manna maganaɗisu, ni na yanka farfela, ni na hau na ɗaure. Ranar da ƙwan lantarki ya kama a ɗakinsa, matarsa Ummu ta aiko mini da fura.

Na biyu, ana cewa sakacinsa ya kashe Ummu. Mi ya yi? Ya ga hadari ya haɗo, sai ya yi abin da kowane magidanci a nan ke yi: ya cire waya, kada batir ya ƙone. Amma ita wannan fanka, wutar da batir ke ja ita ke riƙe gudunta. Da an cire, babu mai tsaida ta. Ta yi ta gudu har farfela ta ɓalle, ta sami Ummu tana kora awaki cikin gida. Da ya haɗa bakin wayoyin biyu da juna, da ta ja birki. Na san haka tun shekara shida. Ban faɗa masa ba.

Ya ma tambaye ni ranar da na ɗaure ta. Ya ce, "Maigida, in iska ta yi yawa fa?" Ina tattara kayana, ina sauri in kai Garu kafin la'asar, na ce, "Iska ai ita muke nema." Har munka yi dariya. Wallahi dariyar nan ba ta bar kunnena ba.

Na uku, Baba Malam Yari, gare ka nake. Ɗiyarka ta rasu, babu abin da bakina zai iya a kai. Amma kwana arba'in ke nan da kunka kwashe jikokinka uku daga gidan ubansu, ko gaisuwarsa ba a amsawa. Ga Lawwali can baya, ya kasa ɗaga kai. Yaran nan sun rasa uwa, kada su tashi suna jin ubansu ya kashe ta. Idan hukuma za a kai wani, ga ni. Idan gaisuwa za a daina amsawa, a daina amsa tawa. Ka maida masa 'ya'yansa, Baba, don Allah.

Allah shi jiƙan Ummu, shi haskaka kabarinta, shi raya abin da ta bari. Allah shi ba mu ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani, shi maida kowa gidansa lafiya.

Na gode.