Saura Noti Ɗaya

A tashar mota ta garin Dubbo, wani magidanci, Lachlan, ya ga tayar keken cefanen wata tsohuwa tana tangal-tangal.

"Mama, mu yi ciniki. Zan gyara miki tayar nan, ke kuma ki taɓa ni in motar zuwa mayanka ta zo. Ƙarfe tara za su gwada ni aiki a can."

"Ba ka da ido ne, ɗana?"

"Ido akwai, hankalin ne ba ya zama. Likita ya ce haka ƙwaƙwalwata take. Aiki shida na rasa. Matata ta ce in na rasa wannan, za ta kwashe yara."

Ya zaro 'yar sifana, ya durƙusa.

"Ɗana, ga motarka."

"Saura noti ɗaya."

"Tashi mana! Direba zai rufe ƙofa!"

"In na bar shi haka, zai kayar da ke."

Mota ta tafi. Ta gaba sai sha ɗaya.

"Amma ka iya aiki," ta ce a hankali.

"Haka kowa ke cewa ranar da zai sallame ni."

Tsohuwa ta tura kekenta sumul. Ita ta samu taya, shi ya rasa aiki na bakwai tun bai fara ba.